Wendell Ostby da Harbi na Biyu

Haihuwa da Asali

An haifi Wendell Arne Ostby ranar tara ga watan Janairu na shekarar 1951 a garin Cut Bank da ke jihar Montana, cikin wani mako da sanyi ya daskarar da famfunan garin, har sai da aka narka ƙanƙara a tukunya aka yi masa wankan farko. Mahaifinsa, Arne Ostby, makanikin injinan rijiyoyin mai ne, mahaifiyarsa kuwa, Verna Lindahl, ita ce mai dafa abincin makarantar firamaren garin har tsawon shekara ashirin da biyu. Shi ne na uku cikin 'ya'ya huɗu, kuma shi kaɗai ne namiji.

Karatu

Ya shiga firamare a shekarar 1957, ya kammala sakandare a 1969 ba tare da ya taɓa yin fice a wani darasi ba. Malamansa sun shaide shi da ƙarancin magana da yawan taɓe-taɓe, domin babu agogo ko kwado ko keken ɗinki da zai shiga hannunsa bai kwance shi ya ga abin da ke ciki ba. An ruwaito cewa mahaifiyarsa takan ɓoye agogon ƙararrawarta a cikin garwar gari idan za ta fita aiki, mahaifinsa kuma yakan ce yaron nan bai yarda da komai ba sai ya ga hanjinsa.

Aikin Soja

A ƙarshen shekarar 1969 aka kira shi aikin soja, aka tura shi Biyetnam a shekarar da ta biyo baya, inda aka sa shi a ma'ajiyar makamai yana gyaran bindigogin bataliyarsa. A can ya fara sanin abin da ya zama sana'arsa har ƙarshen rayuwarsa. Bindigar da sojoji ke riƙewa a lokacin irin mai ɗura wa kanta harsashi ce: idan aka harba, wani kaso na iskar albarushi ne yake tura sakatar ciki baya, ta fitar da kwanson da ya ƙone, sannan wani dogon sifirin, wato murɗaɗɗiyar waya mai matsewa ta miƙe, da ke cikin gindin bindigar ya dawo da ita gaba ta ɗauko sabon harsashi. Tsakanin sakatar da sifirin akwai wani ɗan ƙarfe mai tsawon yatsa, cike da ƙananan nauyaye, wanda aikinsa shi ne ya tare gudun sakata. Shi ne matari. Idan ya yi sauƙi da yawa, sakata takan yi gaggawa ta fizgi kwanso tun bai saki jikin bututu ba, bindiga ta cije.

A ƙasa mai zafi da laima irin waccan, kusan duk cutar da ya gani ta gaggawa ce, kuma maganinta guda ne, a ƙara wa matari nauyi. Wata goma sha uku ya yi yana ba da wannan magani, bai taɓa ba shi kunya ba. Ya dawo gida a 1971 da yaƙinin cewa bindiga mai natsuwa ita ce bindiga mai aminci. Zafi ne ya koya masa sana'a, kuma shekara ashirin da huɗu suka wuce kafin ya gane cewa rabin karatun kawai aka ba shi.

Shago, Aure da 'Ya'ya

Bayan shekara biyu a wata makarantar koyon gyaran bindiga a jihar Colorado, da wasu uku yana aiki a ƙarƙashin wani, ya buɗe shagonsa a garin Choteau a watan Afrilu na 1976, a wani tsohon gareji da ke da fili da tudun ƙasa a bayansa, inda yake gwajin harbi. A watan Yuni na 1977 ya auri Marlys Fenske, 'yar wani makiyayin tumaki, a cocin garin. Allah ya azurta su da 'ya'ya uku: Karin a 1979, Nils a 1982, da Sonja a 1986.

Auren ya zo masa da ƙanin matarsa, Royce Fenske, mutum mai yawan barkwanci, mai kiwon karnukan farauta, wanda makiyaya ke kira idan zakin dutse ya addabi garkensu. Wasan da ke tsakanin su biyun ya shahara a garin. Royce bai taɓa kiransa da sunansa ba sai Maƙeri, yana cewa yayarsa ta auri mutumin da ya fi yi wa sifirin magana a kan matarsa. Wendell kuma yakan ce masa Sarkin Karnuka, ya ce ko wanka ya yi karnukansa sun fi shi ƙamshi. Kowace safiyar Asabar Royce yakan zo shagon ya sha kofi kyauta, ya kushe kofin, ya ƙara kofi na biyu.

Cikin waɗannan shekaru sunan Wendell ya bazu a kan gajerun bindigogi, waɗanda yawancin masu gyara ke gudu. Idan bututu ya gajarta, iskar albarushi takan isa ga sakata da wuri kuma da ƙarfi, bindiga ta yi ta dukan kafaɗa tana watsa kwanso gaba. Wendell yakan tsaya a bayan mai harbi ya dubi inda kwanso ke faɗuwa, daga nan ya san nauyin matarin da ƙarfin sifirin da suka dace. Abin alfaharinsa shi ne ya ajiye hularsa a ƙasa ta hannun dama, kwanso goma su faɗa cikinta a jere.

Bindigar Royce

A watan Agusta na 1994, bayan ya yi wata bakwai yana jiran takardar izinin gwamnati, Royce ya kawo wata gajeriyar bindiga da ya saya domin ta zauna daidai a kan babur ɗin ƙanƙara kuma kada ta riƙa maƙalewa a sarƙaƙiya. Ya ce tana harbinsa kamar jakar da aka taɓa wa ɗa, a gyara masa ita ko a mayar masa da kafaɗarsa. Wendell ya sa mata matari mafi nauyi da yake da shi da sifirin mai tauri, ya yi ta ragewa da ƙarawa har ya kai ta iyakar da ba za ta iya ɗaukar ƙari ba. Ranar gwaji rana ta take, ƙarfe ba ya taɓuwa don zafi. Bindigar ta yi harbi sittin lafiya lau kamar keken ɗinki, kwanso na zuba cikin hula. Royce ya ce ko jaririn goye zai iya harba ta bai farka ba, sannan ya ɗauki hular da kwanson ciki ya kifa wa Wendell a kai.

Hunturun 1995

Ranar goma sha ɗaya ga Janairu na 1995, da ma'aunin sanyi ya sauka talatin da biyu ƙasa da sifili, aka kira Royce kan wani zakin dutse da ya kashe tumaki tara cikin mako guda. Ya bi sawu da karnukansa huɗu tun hantsi, bindigar na ɗaure a kan babur tana shan iska har sa'a biyar. Bayan azahar karnukan suka kora zakin kan wata bishiya a cikin kwazazzabo. Harbin farko ya same shi a kafaɗa bai kashe shi ba. Royce ya sake jan kunama, bai ji komai ba. Zakin ya diro masa. Babbar karyarsa, Duchess, ita ta shiga tsakani har ya samu ya ja sakata da hannu ɗaya ya ƙarasa dabbar, amma karyar ta mutu a wurin, kuma likitoci a asibitin garin Great Falls sun yanke masa hannun hagu daga gwiwa bayan kwana uku.

Royce ya gaya wa duk wanda ya tambaye shi cewa yatsunsa ne suka daskare, laifin safar hannunsa ne. Garin ya karɓi wannan bayani. Wendell ya karɓo bindigar daga hannun makiyayin da ya tsinto ta, ya kai bayan shago ya gwada. A lokacin iskar ɗumin nan da kan sauko daga duwatsu a tsakiyar hunturu ta riga ta zo, ƙanƙara na narkewa a kan rufi. Ya yi harbi sittin, babu wanda ya cije. Ya sake yin sittin washegari. Da ya so, a nan maganar za ta mutu, kuma babu mahalukin da zai sake tayar da ita.

A rana ta uku, yana zaune a kicin, Marlys ta ciro naman barewa daga babbar firizar gidan, wuƙa ta ƙi shigarsa, ta ce abin da ya kwana a sanyi ba ya jin magana sai ya huce. Wendell ya tashi ya kwashe naman shekara guda ya jibge a kan tebur, ya kwantar da bindigar da harsasanta a cikin firizar. Marlys ta tambaye shi ko bindiga za su ci a gidan bana. Da safe ya fito da ita fari fat da raɓar ƙanƙara, ya harba. Harbin farko ya tashi. Kwanson ya faɗo a kan takalminsa, sakata ta koma gaba ba ta ɗauko komai ba. Man da ke ciki ya yi kauri, albarushi ya yi sanyi, ɗan ƙarfin da ya rage bai isa ya ture nauyin da shi da kansa ya sa mata ba. Sau biyar ya maimaita cikin kwana biyar, sau biyar ta cije.

Ranar ashirin da huɗu ga wata ya tuƙa mota zuwa asibiti ya faɗa wa Royce. An ruwaito cewa ga yadda Royce ya amsa masa.

“Maƙeri, kai a ganinka ban sani ba? Tun ina kwance a cikin ƙanƙarar na sani. Na yi shiru ne saboda Yaya da yaran nan. Ka koma gida ka rufe bakinka, ka bar safar hannu ta ɗauki laifi, ita ba ta da iyali.”

“Akwai arba'in da ɗaya irinta a hannun mutane,” in ji Wendell. “Duk ni na yi su, duk da rani na gwada su.”

“To ka bi su ɗaya-ɗaya a asirce.”

“Wasu an sayar, ban san inda suke ba. Sai na sa a jarida.”

“Na ba da hannu, na ba da Duchess, na yi maka ƙarya a gaban gari, yanzu kuma ka tashi ka mayar da ni maƙaryaci? In ka sa, kawo mini bindigata. Hannu ɗaya ya rage mini, ba zan ba ka shi ba.”

Sanarwar ta fito a jaridar mako ta garin ranar biyu ga Fabrairu, layi shida, ɗauke da sunansa, tana cewa duk wanda ke da gajeriyar bindigar da ta bi ta hannunsa kada ya dogara da ita a sanyi sai ya dawo da ita. Ranar da Royce ya fito daga asibiti ya aiko aka karɓi tasa. Ya rataye ta a bangon ɗakinsa yadda take, da matarin da ya ci amanarsa a ciki.

Shekarun Firiza

Bindigogi talatin da takwas suka dawo a cikin shekara biyu, sauran ukun ya bi su har jihohin maƙwabta. Fiye da rabin masu kawo masa aiki sun janye, kuma an daɗe ana kiran shagon da sunan da bai dace a rubuta ba. Ya sayi firiza ta biyu ya kafa a shago, ya kuma kafa ƙa'idar da bai taɓa karyawa ba: babu bindigar da za ta fita sai ta kwana a firiza, da dattin harbi ɗari biyu a jikinta ba a goge ba, a ɗura mata harsashi mafi rauni da mai ita zai iya saya, a riƙe ta sako-sako ba a danna ta a kafaɗa ba, ta yi harbi biyu, sakata ta tsaya a buɗe bayan na ƙarshe. Ya daina neman bindiga mai laushi. Yakan zaɓi matarin da ya dace, sannan ya koma baya taku ɗaya ya sa wanda bai kai shi nauyi ba, ya ce gara ta ɗan daki kafaɗa da rani da ta yi shiru da hunturu. Hularsa kuwa ba a sake ganinta a ƙasa ba. Idan mai bindiga ya yi ƙorafin jinkiri, amsarsa guda ce: harbin farko na maharbi ne, na biyu na maƙeri ne.

Sannu a hankali aiki ya dawo, ya ma fi na da. Daga shekarar 2001 ma'aikatan gandun daji da makiyaya daga nesa suka riƙa aiko masa da bindigoginsu. Karin, wadda ta karanci aikin injiniya, ta dawo ta shiga shagon a 2006.

Royce ya bar farauta ya koma sayar da abincin dabbobi. Bai yanke zumunci ba. Yakan zo cin abincin bikin godiya na watan Nuwamba kowace shekara, ya ci da hannu ɗaya fiye da masu hannu biyu, ya tsokani kowa, har da Maƙeri. Amma bai sake taka shagon ba, kofin Asabar ya mutu. Tun watan Maris na 1995 Wendell ya haɗa matari da sifirin da suka dace da waccan bindiga, ya naɗe su a tsohuwar safa, ya rubuta sunan Royce a jiki ya sa a aljihun teburinsa. Kowace shekara, bayan an share tebur, yakan tambayi Royce sau ɗaya ko za a kawo bindigar. Kowace shekara Royce yakan ce tana nan lafiya a bango, ba ta cije wa kowa ba tun da aka rataye ta. Marlys ta yi magana har ta gaji, ta ce ta rasa wanda ya fi wani taurin kai tsakanin mijinta da ƙaninta, da alfadari zai gan su da ya nemi gafara. Haka aka yi sau ashirin da bakwai.

Rashin Lafiya

A watan Oktoba na 2022 likitoci suka tabbatar masa da cutar huhu da ta riga ta yi nisa. A bikin godiyar shekarar, a karo na farko, aka share tebur bai yi tambayarsa ba. An ce Royce ya zauna yana jira har kofi ya huce, ya tafi gida ba tare da ya tsokani kowa ba.

Ranar Asabar, goma sha huɗu ga Janairu na 2023, da safe, Royce ya turo ƙofar shagon da ƙafa, bindigar na rataye a kafaɗarsa. Wendell na zaune kusa da murhu da robar iska a hancinsa.

“Har yanzu kofin nan naka ruwan wanke-wanke ne, Maƙeri?”

“Ya fi ƙarfin bakin mai sayar da dusa. Me ka kawo?”

“Wata tsohuwa ce, an ce kana duba irinsu. Amma in aikinka na jinkiri ne ka faɗa mini, in kai wani wuri.”

Ciwo ya riga ya hana Wendell aiki a lokacin, don haka Karin ce ta buɗe aljihun tebur ta kwance safar, ta cire tsohon matari ta sa sabon, yana gaya mata abin da ta riga ta sani ita kuma tana amsawa da to, Baba. Royce ya ce a ba shi kayansa ya tafi. Wendell ya ce ba ta fita sai ta kwana a firiza, ko ta wane ce. Royce ya ce shekara ashirin da takwas ta jira, kwana ɗaya ba zai kashe ta ba. Suka ajiye magana a kan safiyar Lahadi bayan coci. Royce ya sha kofi biyu, ya kushe duka biyun.

Rasuwa da Jana'iza

Gwajin bai yiwu ba. Da asubahin Lahadi numfashinsa ya tsananta aka wuce da shi asibiti a Great Falls, inda ya rasu ranar Talata, goma sha bakwai ga Janairu na 2023, yana da shekara saba'in da biyu da kwana takwas. Karin ta ruwaito cewa daga cikin maganganunsa na ƙarshe akwai cewa kada a ba Kawu bindigar nan ba a gwada ba.

An yi jana'izarsa ranar Asabar, ashirin da ɗaya ga wata, a maƙabartar cocin da ke wajen gari, bayan an kwana biyu ana hura wuta a kan ƙasa kafin ta haƙu. Ma'aunin sanyi ya nuna ashirin da tara ƙasa da sifili. Tsofaffin sojoji suka naɗe tuta suka miƙa wa Marlys. Bayan an rufe kabari, maimakon a wuce zauren coci cin abinci, motoci kusan arba'in suka bi motar Karin zuwa bayan shago, domin labari ya riga ya zaga. Ta fito da bindigar daga firiza bayan kwana bakwai, ta sa mata harsashi biyu mafi araha da ke kan kantar shago, ta ce ita za ta harba.

“Ba ni nan, 'yata,” in ji Royce. “Ubanki ya ce a riƙe ta sako-sako. Duk garin nan wa ya fi ni iya wannan?”

Ya ɗaga ta da hannunsa guda, bai kai ta kafaɗa ba, ya nufi tudun ƙasa. Harbin farko ya tashi. Ya tsaya, kuma waɗanda ke kusa sun shaida cewa ya daɗe yatsansa na kan kunama bai ja ba. Sannan ya ja. Na biyu ya tashi, kwanson ya yi tsalle ya faɗa cikin ƙanƙara ta hannun dama, sakata ta tsaya a buɗe. Royce ya duba cikinta, ya sunkuya da ƙyar ya tono kwanson ya sa a aljihu.

“Ya tashi, Maƙeri,” ya ce. “Ka yi jinkiri, amma ya tashi.”

Marigayi Wendell Arne Ostby ya rasu ya bar matarsa Marlys, da 'ya'ya uku: Karin, wadda ke riƙe da shagon a Choteau, Nils, malamin makaranta a Helena, da Sonja, likitar dabbobi a Cut Bank, da jikoki bakwai, da ƙanwarsa guda. Firizar tana nan a inda ya kafa ta, tana aiki, kuma kowace safiyar Asabar Royce Fenske yakan zo ya zauna kusa da ita ya kushe kofin Karin.